Inda Bututun Birki Ya Jingina, Nan Zai Huje

A Amurka doka ta yarje wa mutum ya haɗa jirgin sama a garejin gidansa, ya yi masa rajista, ya hau ya tashi da shi. Sharaɗin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasar, wato FAA, ta gindaya shi ne mai jirgin ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, don neman ilimi ko don nishaɗi, ba don kasuwanci ba. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiya mai suna EAA, wadda Paul Poberezny ya kafa a 1953, kuma taronta na shekara-shekara a garin Oshkosh na jihar Wisconsin yana tara dubban jirage. Yawancin masu haɗin ba sa farawa daga ƙarfe tsura. Sukan sayi sassan jirgi a cikin akwatuna, da takardun zane, su yi shekaru suna huda suna ɗaurewa. Kamfanin da ya fi shahara a wannan harka shi ne Van's Aircraft na jihar Oregon, wanda jiragensa samfurin RV sama da 10,000 suka tashi. Mu ma abin ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu, domin jirgin koyon tuƙi na sojojin saman Nijeriya da ake kira Air Beetle, wanda aka harhaɗa kimanin 60 a Kaduna, daga samfurin RV-6A na wannan kamfani aka samo shi.

Wannan 'yanci yana da farashinsa. A 2012 hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ta fitar da rahoto a kan jiragen haɗin gida, inda ta nuna cewa a 2011 ba su kai kashi 10 cikin 100 na ƙananan jiragen ƙasar ba, amma su ne da kusan kashi 15 na haɗurran, da kashi 21 na waɗanda aka yi asarar rai. Manyan musabbaban su ne mutuwar inji da kuɓucewar jirgi daga hannun matuƙi a sama. Birki ba ya cikin manyan, kuma bai kamata a kambama shi fiye da matsayinsa ba. Duk da haka ya cancanci a tsaya a kansa, domin yadda bututun birki ke lalacewa yana nuna irin kuskuren da mai haɗa jirgi ya fi saurin yi: ya kashe kuɗi a kan kaya mai ƙarfi, ya manta da hanyar da ya bi da kayan. Abin da nake son in tabbatar a nan shi ne, gogar bututun birki ba matsalar ingancin bututu ba ce, matsala ce ta inda aka shimfiɗa shi. Ana yanke hukuncinta ne ranar da ake jan layin daga ƙafar matuƙi zuwa taya, kuma babu wani abin da za a saya daga baya da zai gyara shimfiɗar da aka yi ba daidai ba.

Tsarin birkin ƙaramin jirgi ba shi da wuyar ganewa ga duk wanda ya taɓa tsayawa wajen bakanike ana yi wa mota aikin birki. A ƙarƙashin ƙafafun matuƙi akwai feda biyu da yake juya wutsiyar jirgi da su. Idan ya danna saman fedar da yatsun ƙafa, sai ya tura ɗan ƙaramin famfo, irin wanda makanikai ke kira masta, shi kuma ya matsa mai a cikin siririn bututu har zuwa taya, inda wani matsi ke damƙe faifan birki. Bambancinsa da mota shi ne fedar dama tayar dama kaɗai take kamawa, ta hagu kuma ta hagu, kowace da nata layin. Man da aka fi amfani da shi ja ne, ana kiransa da lambarsa ta soja, 5606. Bututun kuwa sau da yawa na alminiyam ne mai laushi, faɗinsa rubu'in inci, kaurin jikinsa kuma bai cika milimita ɗaya ba. Wannan 'yar fata ita ce tsakanin matuƙi da rashin birki. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafa ke isa taya ba tare da ya ragu ba, amma wannan ɗabi'ar ce kuma ke sa huda komai ƙanƙantarta ta zubar da ƙarfin gaba ɗaya. Fedar sai ta nutse har ƙasa, babu abin da ta kama.

To me zai huda bututun da ba wanda ya taɓa shi? Motsi ne, kuma jirgi ba ya rabuwa da motsi. Injin da ke juyi 2,400 a minti yana yin juyi 40 ke nan a kowace daƙiƙa, 144,000 a awa, fiye da miliyan 14 a awa 100 na tafiya, kuma kowane juyi yana aika jijjiga cikin gangar jirgin. Ƙafar jirgin ma ba sandararriya ba ce. Irin ƙafar da Steve Wittman ya ƙirƙiro, ta ƙarfe mai lanƙwasa ya dawo, ita ce ke shanye dukan sauka, saboda haka takan buɗe idan jirgi ya dira, ta tsuke idan ya tashi, ta yi ta karkarwa gaba da baya a kan titi mai gargada. Matsin da ke damƙe faifai shi ma an yi shi ne ya riƙa zamewa kaɗan a kan sandunansa, yana matsawa yayin da fatar birki ke cinyewa. A cikin ɗakin matuƙi kuma, famfon yana tafiya tare da feda duk lokacin da aka taka. Bututu ɗaya ke ratsa waɗannan wurare duka, kowanne da irin motsinsa. Duk wanda ya dubi itacen da aka gitta a bakin tsohuwar rijiya ya ga gurbin da igiyar guga ta yi masa, alhali igiya ba ta kai itace tauri ba. Haka abin yake a nan, har ma ya fi muni, don alminiyam idan ya gogu yana fitar da baƙin gari, kuma wannan garin shi ne sinadarin da ake barbaɗawa a jikin samfefa. Ke nan bututun da kansa yake samar da abin da zai ƙara cinye shi. Idan ɗan maiƙo da ƙurar titi suka haɗu da garin, cin sai ya ƙara sauri.

Daga nan ne ƙa'idar take fitowa. Kowane taƙi na bututun birki yana da halaye biyu kacal da za su amfane shi: ko dai a ɗaure shi tamau yadda ba zai motsa ba sai tare da abin da aka ɗaure shi a jiki, ko kuma a ba shi fili ya yi motsinsa ba tare da ya taɓa komai ba. Hali na uku, wato ya jingina da wani abu ba ɗaure ba kuma ba sake ba, shi ne mai kisa, kuma shi ne ya fi yaudarar ido, domin a gareji, jirgi na tsaye inji a kashe, bututun da ya ɗan taɓa gefen ƙarfe ba ya nuna alamar laifi. Littattafan FAA na koyar da makanikan jirgi sun fayyace yadda ake ɗaurewa. Ana amfani da maƙalli na ƙarfe mai shimfiɗar roba a ciki, wanda aka fi sani da sunan Adel, kuma ga bututun alminiyam mai rubu'in inci, tazarar da ke tsakanin maƙalli da maƙalli kada ta wuce inci 13 da rabi, kimanin santimita 34. Inda bututu zai ratsa bangon ƙarfe, ko a sa wa ramin zoben roba, ko, abin da ya fi, a kafa mahaɗi a jikin bangon a ɗaura bututu ta kowane gefe, yadda babu sauran abin da zai gogi bakin rami. Inda kuma motsi ya zama dole, kamar tsakanin feda da gangar jirgi ko tsakanin ƙafa da matsin birki, sai a sa tiyo mai lanƙwasa, a ba shi rarar tsawo na kashi 5 zuwa 8 cikin 100, domin tiyo yana gajarcewa idan mai ya matsa shi, kuma a tabbata bai murɗe ba. Masu sa alminiyam har ƙasa sukan yi masa ɗan kewaye a gindin taya don ya sami inda zai miƙe ya dawo. Idan ba a yi hakan ba, alminiyam yana taurara da yawan lanƙwasa har ya tsage daidai bakin noti.

Mai musu na farko zai ce wannan duk ɗaukar abu da zafi ne, tunda jirgi ba da birki yake tashi ba, kuma titin sauka yana da tsawo. A sama gaskiya ne. A ƙasa kuwa maganar ba ta tsaya ba. Jirage da yawa na haɗin gida, ciki har da samfurin RV masu taya a gaba, tayarsu ta gaba ba ta da alaƙa da feda. Juyawa take yi yadda ta ga dama, tana bin inda jirgi ya nufa. Muddin jirgi yana gudu, iskar da ke bugun wutsiya ta isa a sarrafa shi, amma da zarar gudu ya ragu, birkin dama da na hagu su ne sitiyari. Matuƙin da ya rasa na dama ya rasa hanyar juyawa dama, idan kuma ya taka na hagu don ya tsaya, jirgin zai karkata hagu ya bar titi. Jirgi mai taya a wutsiya ya fi shiga uku, don irinsa yana da halin juyowa da baya ya wuce gaba, har fiffike ya daki ƙasa. Sannan akwai wuta. Man 5606 yana iya fitar da tururin da zai kama wuta daga wajen digiri 82 a ma'aunin Salshiyos bisa mafi ƙarancin ƙa'idarsa, faifan birki kuwa yana wuce wannan zafi nesa ba kusa ba bayan an taka shi da ƙarfi. Hudar da ke kusa da taya tana fesa mai ne kai tsaye a kan faifai mai zafi, a cikin rigar faiba da ke rufe da taya, a ƙarƙashin fiffiken da ke ɗauke da fetur. Wannan ne ya sa masu haɗa jirgi da yawa suka koma wa mai lamba 83282, wanda sai ya haura digiri 200 kafin ya kai wannan hali. Canji ne mai kyau, amma rage haɗarin wuta yake yi, ba ya hana huda.

Mai musu na biyu ya fi wayo, kuma shi ne ya fi yawa. Yakan ce a bar alminiyam da bututun nailan da wasu ke sawa gaba ɗaya, a sayi tiyon Teflon mai rigar saƙar ƙarfe marar tsatsa, shi ke nan an huta. Akwai gaskiya a maganarsa. Wannan tiyo ba ya gajiya da lanƙwasa kamar alminiyam, ba ya narkewa kusa da faifai kamar nailan, kuma a ƙarshen layi wajen taya ni ma ina ganin babu kamarsa. Sai dai ya ɗauki matsalar ne ya miƙa wa maƙwabci. Saƙar ƙarfen nan tana da kaushi, kuma ta fi kusan duk abin da ke cikin ƙaramin jirgi tauri. Idan ta jingina da bututun fetur na alminiyam, fetur ne zai zuba. Idan ta jingina da wayar lantarki, za ta feƙe rigar wayar, ita kuma ƙarfe ce mai ɗaukar wuta. Idan ta kwanta a jikin ƙafar jirgi, za ta cinye fenti ta bar tsatsa, ta yi zane a ƙarfen da rayuwarsa duka lanƙwasa ce, kuma a irin wannan zane tsaga ke farawa. Ita kanta ba ta tsira ba, don idan zaren saƙar suka fara tsinkewa, bututun cikin ya rasa abin da ke tallafe shi, kuma tsinin zaren na iya sokarsa. Shi ya sa ake sayar da irinsa mai rigar roba a sama, kuma ƙa'ida ta ce ko tiyo ne a ɗaure shi aƙalla kowane inci 24. Wanda ya sayi tiyo mai tsada don ya guje wa tunanin shimfiɗa ya ƙara wa kansa dalilin yin tunanin ne.

Na uku shi ne mai naɗi. Shi a ganinsa duk inda bututu ya kusanci wani abu, a naɗe shi da tef ko a zura masa guntun roba, a ɗaure da ɗan madaurin roban nan mai haƙora, a wuce. A nan sai an yi adalci, domin naɗi yana da gurbinsa, kuma RV da yawa sun yi shekaru suna tashi da bututun alminiyam da aka saukar a jikin ƙafa, an sa masa guntayen roba a tsakani, an naɗe da tef. Amma a lura da aikin da robar ke yi a wannan tsari: raba bututu da ƙarfe take yi, tef kuma yana riƙe su su tafi tare. Wato ɗauri ne, hali na farko. Abin da ba ya aiki shi ne a bar gogar tana nan, a sa mata roba ta ci maimakon bututu. Wannan jinkirtawa ne kawai, kuma yana da illa biyu. Yana ɓoye wurin daga ido, sannan ƙura da danshi suna taruwa a ƙarƙashin naɗin, alminiyam kuma idan ya haɗu da baƙin ƙarfe a cikin danshi shi ne ke ruɓewa. Madaurin roban kuwa, duk da laushinsa, makanikan jirgi sun daɗe suna ganin yadda yake yin gurbi har a jikin sandunan ƙarfe masu riƙe inji idan ya saki kaɗan yashi ya shiga ƙarƙashinsa. Abin da ya ci ƙarfe ba zai ji tsoron alminiyam ba. Man birki ma yana sassauta gam ɗin tef, zafi da daɗewa suna busar da roba, don haka ɗaurin da ya yi tamau a shekarar farko yana iya zama jingina a ta biyar.

Akwai kuma mai cewa ai ga zane daga kamfani, a bi shi kawai. Wannan shawara ce mai kyau, kuma yawancin matsaloli daga kauce wa zane suke farawa. Amma zane yana nuna jirgin da injiniya ya zana ne, ba wanda aka haɗa ba. Jiragen haɗin gida biyu ba sa zama iri ɗaya. Wannan ya ƙara birkin ajiye jirgi, wancan ya sa wa kujerar dama nata fedar, wani ya canza kamfanin tayoyi, wani ya ratsa da ƙarin wayoyi da bututun ɗumama ɗaki ta rami guda da bututun birki ke bi. Ga kuma batun jerin aiki, wanda a ganina shi ne tushen yawancin ɓarnar. Ana jan layin birki ne da wuri, lokacin da gangar jirgi take fayau. Rigunan faiba da ke rufe ƙafa da taya don rage jan iska su ne kusan na ƙarshe, wasu ma sai jirgi ya fara tashi suke sa su. Filin da ke tsakanin riga da ƙafa ɗan kaɗan ne, rigar tana kaɗawa da iska, kuma kusoshin da ke riƙe ta suna leƙawa ciki inda ba a gani. Kusa ɗaya da ta ɗara tsawon da ya kamata ta isa. Zane ba zai iya hango wannan ba, sai mai haɗin ya ɗaga jirgi ya ga inda ƙafa ke komawa idan babu nauyi, ya sauke ya girgiza fiffike, ya taka feda har ƙarshe ta kowane gefe, yana duban kowane wuri da riga a jiki da kuma babu riga. Kamfanin Grove na jihar Kalifoniya ya bi wata hanya, yana huda rami a tsawon ƙafar alminiyam ɗin kanta, mai ya bi ta ciki, yadda babu bututu ko kaɗan a wannan tsakani. Dabara ce mai kyau, sai dai ba kowace irin ƙafa ke karɓarta ba, kuma sama da ƙasanta har yanzu akwai bututu ko tiyo.

Saura dubawa, kuma ita ma tun ranar shimfiɗa ake yanke ko za ta yiwu. Takardar FAA mai lamba AC 43.13-1B, wadda ta fito a 1998, ta ce ƙarzanen da bai wuce kashi 10 cikin 100 na kaurin jikin bututun alminiyam ba ana iya goge shi a ci gaba da aiki, in dai ba a bayan lanƙwasa yake ba. Ga bututun da muke magana, kashi 10 bai kai kaurin takarda ɗaya ba sosai. Ma'ana, duk gurbin da farce ya kama a fili ya riga ya wuce iyaka, bututun sai canji. Irin wannan ba a ganinsa daga nesa da tocila. Sai an cire riga, an share, an bi layin da yatsa, an nemi baƙin gari ko wurin da ya yi sheƙi ko jan danshi, an kuma dubi abin da ke maƙwabtaka da bututun, don sau da yawa tabon ya fi fitowa a can. Doka ta wajabta duba lafiyar jirgin haɗin gida sau ɗaya a kowane wata 12, kuma wanda ya haɗa shi yana iya samun takardar izinin yin wannan duba da kansa. Alheri ne, tunda ba wanda ya san jirgin kamarsa, amma idon da ya ga shimfiɗar ta yi daidai ranar farko da wuya ya ga laifinta a shekara ta uku. EAA tana da ƙwararrun masu ba da shawara na sa kai da ke zuwa garejin mutum su duba aiki kyauta, kuma lokacin da ziyararsu ta fi amfani ga birki shi ne kafin a rufe daɓen ɗakin matuƙi, sai kuma bayan an ɗaura rigunan ƙafa, ana sake cire su a gabansu ɗaya bayan ɗaya a dubi cikinsu.